Rigar da Na Haɗa wa Malama

Litinin, 4 ga wata, bakwai na safe

Buhu tara suka jibge mini a shago jiya bayan an tashi sujada. Ko wurin ja da kujerar keken ɗinki babu. Uwar Zumunta, shugabar matan cocinmu, ta ce tunda ni ce telar ikilisiya, ni zan ware kayan da jama'a suka bayar, in gyara mai son gyara, kafin a raba wa waɗanda gobara ta shafa. Na ce to. Kullum to nake cewa, sai in dawo gida in sauke haushin a kan tukwane.

Ɗaki shida suka ƙone a layin bayan kasuwa, yau kwana goma sha ɗaya. A ɗaki biyar an fita da rai da kayan jiki. Na shidan na Malama ne, wadda ta yi shekara talatin tana koyarwa a makarantar Lahadi, wadda ta kama hannuna a ajin manya har na iya rubutun da nake yi yanzu. Tana wurin taron mata tare da mu lokacin da abin ya faru. Maigidanta yana ciki. Abin da na gani da aka ɓalle ƙofar, ba a littafin nan zan sa shi ba.

Mutane suna ta maganar kwaɗon da Malama ta kulle ƙofar da shi. Duk wanda ya taɓa tsintar tsohon nan a bakin titi ba takalmi, ya manta hanyar gida, ya san dalilin kwaɗon. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Jiya Fasto ya yi wa'azi cewa bautar Allah ba a kan benci kawai take ba, tana cikin tsintsiya da tukunya da allura. Da ya ce allura, mata uku suka waiwayo suna yi mini murmushi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Litinin, ɗaya na rana

Na zazzage buhu biyu, na fita waje na tofar da yawu.

Kyankyaso uku ne suka fara fitowa da gudu, su ma zaman ya ishe su. Sai rigar mama guda huɗu, hammatarsu ta koma ruwan ƙasa. Kamfai na namiji, robar ta mutu, kuma ba a wanke ba. Ina maimaitawa don kar gobe in ce na ƙara gishiri: ba a wanke ba. Takalmi mai tsini ƙafa ɗaya. Wando da hankici a aljihu, majina ta bushe ta manne shi. Labulen da ɓera ya ci rabi. Gashin kanti wanda sai da na taɓa shi da almakashi kafin na yarda ba mushe ba ne.

An ce musu a kawo wa 'yan'uwa sutura, su kuma suka ji an ce motar shara ta zo. Kuma na san su. Ni na ɗinka rabin kayan nan shekarun baya, na san ƙugun kowa da kafaɗarta. Matar da ta sa kamfan mijinta a buhun Ubangiji, a layi na biyu take zama, ita ce ke fara ɗaga hannu in an soma waƙa.

Baban Biyu, maigidana, ya leƙo daga gareji ya toshe hanci ya ce, "Maman Biyu, gawa kika ɓoye a shagon nan?" Sai ya ga fuskata, ya tuna, ya ce in yi haƙuri. Ya kawo mini safar hannun da yake wanke inji da ita.

Talata, 5 ga wata, shida na yamma

Kwarkwata a cikin kalmasa. Ban ci abincin rana ba.

Laraba, 6 ga wata, huɗu na yamma

Don kar in yi wa Allah ƙarya, akwai abin kirki. A ƙasan buhu na shida na samu zani a ninke, an wanke an goge, da sabulu guda a naɗe a ciki. Na tsohuwar nan ce mai sayar da gyaɗa a bakin makaranta. Zanin fita biyu take da su, na sani, don kullum su nake gani. Na ajiye shi gefe, sannan na ci gaba da tonon ƙazanta.

Akwai kuma koren siket na Matar Likita, yadi mai nauyi, dutsen guga ya ƙone shi a baya. Da wata babbar riga mai furanni ta Uwar Zumunta, mai ya ɓata mata ƙirji. Waɗannan su ne manyan kyautai.

Juma'a, 8 ga wata, biyar na yamma

Na je gidan ƙanen Malama, inda take zaune tun bayan jana'iza. Matar gidan gajeriya ce, Malama kuwa doguwa, zanin da aka ara mata ko ƙwauri bai rufe ba. A sama tsohuwar rigar ƙanenta ce. Matar da ban taɓa gani da ɗankwali a karkace ba. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo.

Na ce, "Malama, an tara kaya. In zaɓo miki masu kyau in kawo?"

Ta ce, "Na cikin buhu?"

Na ce e.

Ta ce, "Maman Biyu, sau nawa ni da ke muka raba irin buhunan nan? Kin manta yadda muke yi ran Lahadi? Ido a kan rigar, ba a kan mutumin ba. Ni ma na yi, ban fi kowa ba. Yanzu ana kallona saboda abu ɗaya. Ba zan ƙara musu na biyu ba."

"To haka za ki yi ta zama a ɗaki?"

"Ɗakin bai kore ni ba tukuna."

Da zan fita ƙanen ya biyo ni bakin ƙofa. Ya ce ko tsakar gida ba ta fitowa, abinci sai ta tsakura ta ture. Ya ce in wata ya ƙare a haka, zai kai ta wurin 'yarta can nesa, inda ba ta san kowa ba sai surukinta. Ya ce, "Ku mutanen coci ku yi wani abu mana." Na ce to.

Ba na so ta tafi. Duk ikilisiyar nan ita kaɗai ce ba na jin ina wasan kwaikwayo a gabanta.

Lahadi, 10 ga wata, biyu na rana

Jiya aka raba abin da ya rabu. Buhu huɗu na ƙone su a bayan shago, ban nemi izinin kowa ba.

Yau matar maigadi, ta ɗaki na uku, ta zo sujada da wata farar riga daga cikin kayan. Yarinyar ta goge ta, ta yi tsaf abinta. Ana fitowa Matar Likita ta tare ta a kan matakala, ta kama hannun rigar ta ce da ƙarfi, "Kai, ai rigata ce! Ta fi yi miki kyau ma. Ni ƙiba ce ta hana ni." Ta kira wasu mata biyu su zo su gani. Ta juya yarinyar gaba da baya kamar za ta saya. Yarinyar tana ta cewa na gode Mama, na gode Mama, idonta a ƙasa, mijinta yana tsaye yana kallon takalminsa.

Matar Likita ba muguwa ba ce, shi ne abin da ya fi tayar mini da zuciya. Murna take yi da gaske. Ta tafi gida tana jin ta yi wa Yesu aiki.

Malama ta yi gaskiya.

Litinin, 11 ga wata, takwas na safe

Koren siket ɗin da riga mai furanni da wasu guda biyu ban raba su ba. Suna ƙarƙashin teburin yanka. Tun Juma'a na ajiye su, ban gaya wa kaina dalili ba sai yau.

Sabon yadi a yanzu ya fi ƙarfina. Amma hannu ina da shi. Zan farke su duka, in yar da inda ya ƙone da inda ya yi mai, in haɗa doguwar riga guda da ɗankwali, in rina su launi ɗaya. Ko uwar da ta haifi siket ɗin ba za ta gane shi ba.

Baban Biyu ya ce, "Ki gaya wa Uwar Zumunta dai tukuna."

Na ce, "In na gaya mata da safe, kafin rana ta yi tsaka an sa a addu'a."

Ya ce ni dai na sani.

Alhamis, 14 ga wata, shida na yamma

Ban je taron mata ba. Kwana uku ina farka da reza, yatsana biyu sun yanke. Cikin ɗinkin rigar Uwar Zumunta akwai dattin shekaru, baƙi, a dunƙule, sai da na kankare shi da farce. Na tafasa yadin sau biyu. Ina dama rini ina zagi a raina, ina kuma roƙon gafara, ina komawa zagi. Ban san ko irin wannan ne Fasto yake nufi da bautar Allah da allura ba.

Sai da na gama haɗawa na tsoma a shuɗi mai duhu, don komai ya fito iri ɗaya. Furannin sun nutse, sai ka kai ido kusa za ka ga inuwarsu, kamar da ma haka aka saƙa yadin. Ta yi kyau. Ba yabon kai ba, shekara ashirin ina ɗinki ban yi wadda ta fi ta ba.

Wuri ɗaya ne rinin bai shiga ba: cikin ninkin kalmasar ƙasa, koren yana nan. Na bar shi. Wa zai ɗaga ƙasan rigar tsohuwa ya leƙa?

Asabar, 16 ga wata, sha ɗaya na safe

Na kai mata. Na ce wata ce ta kawo yadi shekara uku da suka wuce, ta bar gari ba ta dawo ba, yana ta cin wuri a shago. Ƙaryar ta fito sumul, har na ji tsoron kaina.

Malama ta shafa rigar ta daɗe. Ta kai ta kusa da fuskarta. Ta ce, "Matar nan tana da ido, ta iya zaɓen yadi." Ta shiga ta saka ta fito, ta tsaya a tsakar gida cikin rana. Matar ƙanenta ta ce yau ne karo na farko da ta taka wurin.

Ta ce, "Allah ya sa miki albarka, 'yata."

Na dawo ina waƙa a hanya, ni da ba ni da murya.

Lahadi, 17 ga wata, ɗaya na rana

Ba ta zo ba. Na yi ta waiwayar ƙofa har wuyana ya ƙage.

Talata, 19 ga wata, uku na yamma

Matar Likita ta zo shago wai a rage mata hannun riga. Ta zauna tana ta zuba, ta ce ana shirin tsayar da mutanen gobara a gaba wata Lahadi, kowa da kayan da aka ba shi, a ɗauki hoto a yi godiya. Na ce mata ai sun gode tun tuni. Ba ta ji ni ba.

Sai ta ce, "Ni fa koren siket ɗina ban gan shi a jikin kowa ba. Lahadi biyu ina dubawa."

Na ce kayan da yawa.

Ta sunkuya ta ɗauko wani abu a ƙarƙashin ƙafar keke. Ƙyalle ne kore, bai fi tafin hannu ba, da shatin dutsen guga a jiki. Sau uku na share shagon nan. Ta juya shi, ta dube ni, ta sa a jaka, ta ce za ta dawo karɓar rigar wani lokaci. Ta ɗauki rigarta ta fita da ita.

Alhamis, 21 ga wata, bakwai na safe

Mai shagon kusa da ni ta daina amsa gaisuwata da baki, da kai take amsawa.

Juma'a, 22 ga wata, biyar na yamma

Wata 'yar ƙungiyar mawaƙa da nake yi wa ɗinki tun tana budurwa ta zo karɓar yadinta, wai ta fasa. Na miƙa mata. Ta ciro tef daga jakarta, tef ɗin da ta zo da shi daga gida, ta auna yadin a gabana daga baki zuwa baki. Ya cika. Ko kunya ba ta ji ba, ta ce, "Ba wani abu ba ne, Anti."

Shekara ashirin ana barin mini yadin aure da na suna, ko zare ban taɓa ci ba. Yau ni ake aunawa saboda tsumman da kyankyaso ya ƙi kwana a ciki. Wai na kwashe masu kyau ina yanka wa masu kawo ɗinki. Wai an ga hayaƙi a bayan shagona, ina ɓatar da sawu. Masu kyau. Ina ma na ajiye kamfan nan in rataye shi a ƙofar coci da sunan mai shi.

Baban Biyu ya ce in je in faɗa wa Fasto a asirce. Fasto ba ya ɓoye wa matarsa komai, matarsa kuma ba ta ɓoye wa Uwar Zumunta. Zan yi shiru. Magana ce, za ta wuce.

Lahadi, 24 ga wata, biyu na rana

Ta zo.

Ana waƙa ta biyu ta shigo, a miƙe, ɗankwalin a ɗaure yadda ta saba. Ta zauna a bencin ƙarshe. Yaran makarantar Lahadi suka bar iyayensu suka je suka kewaye ta, ba wanda ya iya hana su. Ba wanda ya kama hannun rigarta. Uwar Zumunta ta rungume ta, yadin tsohuwar rigarta yana manne da ƙirjinta, ba ta sani ba. Na kusa yin dariya a cikin addu'a.

Matar ƙanenta ta ce mini jiya ta cinye abincinta har ta nemi ƙari. Ƙanen ya daina maganar tafiya.

Ko me za su ce a kaina, su ce.

Litinin, 25 ga wata, tara na safe

Uwar Zumunta ta aiko. Ran Alhamis a taron mata ana so in yi bayani a kan kayan. Ta ce ba tuhuma ba ce, don a wanke zukata ne. An kuma karɓe ɗinkin rigunan mawaƙa daga hannuna, wai sai an ga yadda ta kasance.

Talata, 26 ga wata, shida na yamma

Ba wanda ya shigo shago yau. Na zuba wa keke mai sau biyu.

A makaranta an ce wa 'yan biyuna uwarsu tana satar kayan 'yan gobara. Macen ta dawo da leɓe a fashe, ta ƙi gaya mini da wa ta yi.

Alhamis, 28 ga wata, bakwai na safe

Zan ce na ƙone waɗanda suka lalace, in zauna. Ko sun yanka ni ba zan ƙara kalma ba. Ya Ubangiji, ka kama mini bakin nan.

Alhamis, shida da rabi na yamma

Bai kama ba. Ko kuma ya kama na fizge.

Juma'a, 29 ga wata, goma na safe

Ban buɗe shago ba. Bari in rubuta shi yadda ya faru, ba tare da na yi wa kaina kwalliya ba.

Ban san Malama za ta zo taron ba. Rabonta da shi tun ranar gobarar. Ta zo, ta zauna a baya da shuɗiyar rigar. Mun kai mu arba'in.

Uwar Zumunta ta yi addu'a mai tsawo a kan gaskiya da riƙon amana. Na tashi na faɗi abin da na shirya, na zauna. Sai Matar Likita ta ciro ƙyallen daga jaka ta ɗaga shi sama. Ta ce, "Wannan ba ƙonawa aka yi ba, yankawa aka yi. Ni ba siket ɗin ne ya dame ni ba, na bayar saboda Allah. Amma 'yar'uwa, in buƙata ce ta yi miki yawa, da kin faɗa, mu ma mu tara miki naki buhun."

Aka yi 'yar dariya. Ba da yawa ba. Wata a bayana ta ce, "Ai yaran ma an ce sun fara ɗauke-ɗauke a makaranta."

Daga nan ban ƙara jin komai ba. Na tashi na ratsa benci na nufi baya. Na ce, "Malama, tashi." Ko don Allah ban ce ba. Ta tashi. Na durƙusa na kama ƙasan rigarta na ɗaga, na sa haƙori na tsinke zaren kalmasa, na buɗe ninkin. Na ce, "Ga siket ɗinki nan. Zo ki duba, kore ne ko ba kore ba?" Na miƙe na kama mata ƙirji na ce wa Uwar Zumunta, "Mama, ga furanninki, matso kusa za ki gan su." Na kama hannun dama na faɗi mai shi, na kama na hagu na faɗi mai shi. Har ɗankwalin ban bari ba.

Suka taso kuwa. Suka kewaye ta, suna taɓawa, suna leƙawa, suna cewa ikon Allah, wallahi shi ne. Matar Likita ta sa ƙyallenta kusa da kalmasar tana gwadawa. Malama tana tsaye, ta ɗan ɗaga hannuwanta gefe don su samu gani da kyau, irin tsayuwar wanda ake aunawa. Ba ta dube ni ba. Ba ta dubi kowa ba.

Abin da matar nan ta yi wa matar maigadi a kan matakala, hannu ɗaya ta kama. Ni na yi wa Malama daga kai har ƙafa.

Kuma abin da ya fi ƙona ni, a lokacin daɗi na ji. Da na ga fuskar Matar Likita ta faɗi, wani sanyi ya ratsa ni har ƙafa. Sai da na waiwaya na ga Malama ta fice, benci na baya ba kowa, sanyin ya koma amai.

Asabar, 30 ga wata, huɗu na yamma

'Yar mawaƙa ta dawo da yadinta, ba tef. Mai shagon kusa ta kawo mini ruwan sanyi. Na wanke bakina ya fi sau goma, har yanzu ina jin ɗanɗanon zaren.

Lahadi, 31 ga wata, biyu na rana

Fasto ya kira ni gaba. Ya ce ga misalin abin da yake faɗa, mace da ta bauta wa Allah da allurarta a ɓoye, ta sha zargi ba ta buɗe baki ba. Ba ta buɗe baki ba, haka ya ce. Aka yi mini tafi. Matar Likita ta rungume ni tana hawaye, ta ce in yafe mata, ta ce ashe siket ɗinta ya samu babban matsayi. Uwar Zumunta ta sanar cewa za a mai da abin hidima ta kowane wata, ni zan shugabanta.

Na tsaya ina murmushi. Na ce na gode. Ƙyamar da na ji ranar da na zazzage buhu na farko ba ta kai rabin ta yau ba, kuma yau ba ni da inda zan tofar.

Benci na ƙarshe yara ne kawai a kai, suna ta leƙen ƙofa.

Talata, 2 ga sabon wata, biyar na yamma

Sau biyu na kai bakin layinsu na juyo. Yau na shiga. Ƙanen bai amsa gaisuwata ba, ya nuna mini ɗaki da haɓa. An ɗaure 'yar jaka a bakin gado.

Na durƙusa. Na fara da ƙaryar, na ce babu wata mata da ta bar gari.

Ta ce, "Na sani. Tashi ki zauna, gwiwarki ba ta da lafiya."

Na ce ai dole ta sani yanzu.

Ta ce, "Tun ranar da kika kawo na sani. Shekara goma ina zama bayan Matar Likita, turarenta ba ya fita a wanki, ko kin tafasa. Ina kai rigar fuskata na ji shi."

Na ce, "To me ya sa kika karɓa?"

Ta ce, "Na ga yatsunki a ɗaure da tsumma. Na ga yadda kike kallona kamar yarinyar da ta kawo jarrabawa a duba mata. Ba ni da tabarma, ba ni da cokali, ba ni da wanda zan dafa wa. Na duba abin da ya rage mini da zan iya ba wani, sai na ga guda ɗaya ne, in bar ki ki yi tsammani ban sani ba. Mako guda na yi ina kokawa da rigar kafin na iya fita da ita. Na ce tunda mu biyu ne kawai, zan iya."

Na ce ta yafe mini, da ƙyar ya fito.

Ta ce, "Na yafe tun a wurin. An taɓa miki yara, ni ma uwa ce. Yafewa ba wuya, 'yata. Komawar ce ba zan iya ba."

Ita ta ce wa ƙanen ya kai ta wurin 'yarta. Ran Asabar za su tafi.

Asabar, 6 ga wata, tara na safe

Na je tasha da allura, na riga na zura shuɗin zare tun daga gida. Shuɗiyar rigar ce a jikinta, an wanke an goge. Kalmasar tana nan yadda haƙorina ya bar ta, ta sauko ta gefe ɗaya, koren yana leƙowa a kan ƙafarta.

Na ce, "Malama, minti biyar kawai. Ko a tsaye zan kama miki ita."

Ta dubi ƙasan rigar, ta dube ni. Ta gyara mini ɗankwalina da ya zame, ta ce, "Bar shi haka, 'yata. Inda za ni ba wanda ya san mai koren."

Ƙanenta ya riƙe mata hannu ta hau. Na tsaya har motar ta sha kwana, sannan na soke allurar a bakin zanina na kama hanyar shago.